Sawuna a Kan Sakaina

Har yau in na farka da asuba ba na yarda ƙafata ta taɓa ƙasa sai na zauna a bakin gado, na ɗora ta hagu a kan gwiwar dama, na kama yatsun na ja su baya, na riƙe na ɗan lokaci. Jikokina suna dariya, wai tsoho yana gaisawa da ƙafarsa. Ba na musa musu. Ciwon ya rabu da ni tun kafin a haifi iyayensu, amma sabon ya zauna, kuma duk ranar da na ja yatsun nan sai na tuna taubashina, wanda na kusa rasawa saboda diddige.

Ni mutumin Argungu ne, gidanmu gidan su ne, wato kamun kifi, da noman shinkafa. Taubashin nan ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana, kuma bai fi wata biyu ya girme ni ba, amma wata biyun nan ya riƙe su kamar sarauta. Tun muna tsirara a bakin gulbi ba ya kirana da sunana, sai dai "bawana". Ni ma haka nake ce masa, don wasan taubasai ne, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba a kuma taɓa raba gardamar ba. In ya gan ni cikin mutane sai ya tona ni, in na gan shi sai na rama, manya su yi ta dariya. Tare aka sa mu elementare, kuma ba zan ɓoye ba, ya fi ni kai nesa. Yana aji biyu mahaifinsa ya rasu, aka cire shi ya koma wa homar kamun kifi da jirgi. Ni na zarce. Bai taɓa nuna mini abin ya dame shi ba, sai dai mutane ba su fasa yi masa jaje a bayan idonsa ba, innata kuwa tana jin su.

A shekarar da aka sami 'yancin kai aka ɗauke ni malamin gona a Birnin Kebbi. Da albashin farko ya shigo hannu ban yi shawara da kowa ba, na je kanti na sayi takalmi sau-ciki baƙi, mai ƙasa kamar katako, da ƙusoshi a diddige. In ina tafe a barandar ofis kana jin ƙwas-ƙwas tun daga nesa, ni kuma ƙarar nan na saya, ba takalmin ba. Ƙafar da ta saba da laka da rairayi, wadda ba ta san komai ba sai takalmin fata ranar Juma'a, ita na cusa a ciki na ɗaure da igiya. Ranar bikin 'yancin kai muka tsaya a fili tun hantsi har bayan azahar, mu ƙananan ma'aikata, kowa ya ci ado yana ganin ƙasa ta dawo hannunsa. Murna na yi ranar nan ta gaskiya, har na yi ƙwalla. Da na koma masauki na cire takalmin, sai na ji wani ɗan zafi a diddigen hagu, na ce gajiya ce.

Aikina na yawo ne. Keke ba a ba sabon ma'aikaci sai ya shekara, don haka a ƙasa nake fita, in ratsa gonakin gero na wajen da ake kira Gesse yanzu, in kama hanyar tsakuwa zuwa Zauro da ƙauyukan fadama, in kwana biyu ko uku ina duba shinkafa ina rubutu, sannan in dawo. Manoman can ba takalmi suke shiga gona, su dube ni su dubi ƙafata, su ce sannu da ƙoƙari. Na ɗauka yabo ne.

Ciwon yana da hali irin nasa, kuma halin ne ya fi ruɗa ni. Da asuba, takun farko daga shimfiɗa zuwa buta, sai in ji kamar na taka ƙayar tarwaɗa, daidai tsakiyar diddige, ɗan gaba kaɗan ta wajen ciki. Sai na dafa bango. In na ɗingisa zuwa masallaci na dawo, sai ya lafa, har in manta. In yini ina tafiya yana nan shiru-shiru. Da na zauna na ci abinci na miƙe, sai ya dawo sabo. Na duba da madubi, ba kumburi, ba ƙurji, ba kaushi, ba alamar kurkunu. Ƙafa lafiya lau a ido, amma ba ta takuwa. Ciwon da ba a gani kuwa, a garinmu ba ya rasa mai fassara shi.

Da ruwa ya fara ja baya na je gida kwana biyu. Na yi iyakar ƙoƙarina in ɓoye ɗingishin, amma da sassafe taubashina ya zo gaida babana, ya tarar da ni ina fitowa daga ɗaki dafe da bango. Ya tsaya ya ƙare mini kallo.

"Bawana, mi as sami ƙahwar taka?"

Na ce ba komai.

"Ba komi kaka tahiya awa zakaran da anka ɗaure ma ƙahwa guda? Akwatin ga naka shi ka cin ka. Kaya aka sawa cikin akwati, ba ƙahwa ba."

Na ce masa jahili ba zai gane takalmin ma'aikata ba, shi da ƙafarsa ta yi faɗi kamar faifai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ja ni muka sauka bakin gulbi in ga sabon jirginsa. A can dole na cire takalmin na riƙe a hannu. Lakar da ruwa ya bari tana da sanyi da laushi, ƙafa na nutsewa a ciki kaɗan-kaɗan, kuma ban taka goma ba na ji diddigen ya yi shiru. Ban faɗa masa ba, don kada ya sami abin faɗi. Muka yi hira, muka zagi juna son ranmu, na wanke ƙafa na mai da akwatina, na bar shi a nan na hau lori.

Sai kaka ta kama, yankan shinkafa ya zo, yawo ya ninka. A cikin makonnin nan ciwon ya daina lafawa da rana. Na koma taka gefen ƙafa, gwiwa ta fara amsawa, kwankwaso ma haka. Labari ya kai gida wai ɗingishi ya kama ni. Ran nan na dawo daga Zauro da la'asar, na tarar da innata zaune a ƙofar ɗakina da ƙullin kayanta, ita da ba ta taɓa taka Birnin Kebbi ba. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta sa na tura ƙofa.

"Ranar da kunka tahi bakin gulbi kai da ɗan gwaggonka, ni ina can sama ina wankin shinkahwa. Da kat tahi, da idona nig gane shi. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya duƙa bisa sawunka, ya yanke shi da wuƙa, ya aza bisa sakaina, ya ruhe da rigatai, ya wuce."

Na ce, "Inna, ko dai wani abu ne daban ya ɗauka?"

"Na sauka na diba. Sawun dama na nan, wurin na hagu rame na. Wace ƙahwa ka yi maka ciwo?"

Ban taɓa gaya wa kowa a gida wace ƙafa ce ba.

A wurinmu in an ce an ɗauki sawun mutum, ba a neman ƙarin bayani. Boka ake kai wa, ya soka ƙaya ko allura a ciki, mai sawun ya gurgunce ko ya bar gari. Tun muna yara ake hana mu barin sawu a ƙofar wanda ba ya shiri da gidanmu. Na yi makaranta, na san sunan cututtukan shinkafa da Turanci, kuma da wani ne ya zo mini da zancen nan a kan wani, da na yi masa dariya. Amma uwata ce, ba ta ƙarya, ta gani da idonta, ga shi kuma ƙafar hagu. Ta ƙara da cewa yaron da aka cire daga makaranta yana kallon wanda bai kai shi kai ba yana ƙwas-ƙwas, me nake tsammani ke cikin ransa. Ni kuwa Allah Ya yi ni da saurin fushi da nauyin tambaya. A daren ban ci abinci ba, kafin gari ya waye na gama yanke masa hukunci.

Bayan kwana uku direban lorin Argungu ya kawo mini saƙo har gida, wani ƙunshi a tsohuwar tabarma an ɗaure da zaren homa, da busasshen kifi a gefe. Ya ce wai in ji ubangidana, wato taubashin nan nawa, in sa wannan in ga ikon Allah. Innata ta tashi tsaye ta ce ko da yatsa kada in taɓa. Ban taɓa ba. Na ce wa direban ya mayar masa, ya kuma gaya masa abin da ya ɗauka a bakin gulbi ya ishe shi, ba sai ya ƙara da wannan ba. Direban ya dube ni, ya ce a faɗa haka? Na ce a faɗa haka, kada a rage ko harafi. Da a ce harshe yana da diddige, da nan ya kamata ciwon ya kama ni.

Innata ta nemo wanzami. Ya yi mini ƙaho a ɗan maraƙin ƙafa, ya tsattsaga diddigen da aska, ya cusa wani baƙin gari mai raɗaɗi. Mako biyu ban fita ba saboda miki. Da mikin ya warke na taka, sai na ji ciwon ya ragu ƙwarai. Inna ta ce ka gani, an zare abin, ta koma gida da farin ciki. Na mai da takalmina na kama hanyar Zauro, kafin in dawo ciwon ya komo har da riba.

Mai kula da mu a ofis ne ya gaji da ganina ina jan ƙafa, ya kore ni asibiti. Disfensan da na tarar dattijo ne mutumin gabas, tsohon soja, mai yawan tsokanar mu a kan Hausarmu. Ya sa na cire takalmin, ya ɗauka ya ƙwanƙwasa ƙasansa a kan tebur, ya girgiza kai. Ya dubi tabon tsagar, ya sake girgiza kai. Sannan ya danna babban yatsansa wuri ɗaya a diddigen, na yi ƙara har masu jira a waje suka leƙo.

Ya ce, "Takun farko da asuba ya fi zafi, ko? In ka yi tafiya ya lafa, in ka zauna ka tashi ya dawo?"

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Rabin 'yan dokan garin nan da masinjoji sun gaya mini kafin kai."

Ya kama yatsuna ya tanƙwara su sama, ya sa hannuna a tafin ƙafar, ya ce in shafa. Sai na ji wata jijiya mai faɗi ta miƙe tsaf daga diddige zuwa gindin yatsu. Ya ce wannan ita ke riƙe da ƙafa kamar tsirkiya a jikin baka. Tsayuwa mai tsawo, da tafiya a kan tsandauri cikin takalmi marar tausayi, su ke sa ta tsattsage kaɗan-kaɗan daidai inda ta kama ƙashin diddige. In mutum ya kwanta sai ta tsuke tana neman haɗewa, da asuba ya taka da ƙarfi ya sake ɓarke ta. Shi ya sa takun farko ya fi ciwo. Ya ce wanzami bai zare komai ba, hutun mako biyu ne ya yi aiki.

Maganin da ya ba ni ya ba ni haushi, don na zo da niyyar allura. Ya ce kafin in sauka daga shimfiɗa in ja yatsun baya in riƙe, sau da yawa. In tsaya gaban bango in dafa, in mai da ƙafar mai ciwo baya, diddige a ƙasa, in tura har in ji ɗan maraƙin ya miƙe, safe da yamma. In cika kwalba da ruwan randa in murza tafin ƙafa a kai in na dawo aiki. Kada in taka daɓe ba takalmi. In rage tafiya, zai rubuta wa ofis a ba ni aron keke. Takalmin kanti kuwa in ajiye shi, in sami baduku ya yi mini na fata mai laushi, diddige ya ɗan tashi, tsakiya a cike. Ya ce kuma ba ciwon kwana bakwai ba ne, in shirya watanni.

Har na kai ƙofa na juyo, na rage murya na ce, "Malam, in kuma an ɗauki sawun mutum fa?"

Ya ce, "To, an ɗauke sawun duk 'yan dokan garin nan ke nan. Je ka ka ja yatsunka."

Na bi abin da ya faɗa, kuma sannu a hankali na ga sauƙi. Makwabtana suka saba da ganina ina tura bango safe da yamma, wani tsoho ma ya ce in katangar ta yi mini laifi ne in kai ta ƙara. Na koma wa tsohon takalmina na fata, na cusa tsumma a diddige. Kaina ya yarda da bayanin disfensa gaba ɗaya, don na shafa jijiyar da hannuna. Amma zuciyata ta ƙi saki. Ko da takalmi ne ya jawo ciwon, ai an ga mutumin nan ya yanke sawuna ya rufe da riga. Me zai yi da shi?

A tsakanin nan aka yi suna a danginmu, na je Argungu. Ina zaune cikin mutane sai ga shi ya shigo. Na shirya fuska, ina jiran ko zagi ko faɗa. Sai ya zo gabana ya ɗan rusuna, ya ce, "Ranka shi daɗe, Malam. An zo lahiya? Ina aiki?" Ya gaishe ni tsaf yadda ake gaida baƙon ma'aikaci, ya koma can nesa ya zauna. Kowa a wurin ya juyo ya dube mu, don ba wanda ya taɓa jin ya kira ni Malam. Na ci tuwon sunan nan ban ji ɗanɗanonsa ba. Na yi zaton ni ke fushi da shi, sai ranar na gane an cire ni daga wani wuri da nake zaune tun haihuwa, kuma ba ni da wani wurin irinsa. Na koma Birnin Kebbi da kewarsa da haushinsa a haɗe, ban san wanda ya fi yawa ba.

Saura takalmi. Badukun da na kai wa a kasuwar Birnin Kebbi ya yi mini guda, mai kyau a ido, amma bai gane zancen cika tsakiya ba. Shi da kansa ya ce in je Argungu, akwai wani tsoho a bayan kasuwa da ya yi wa fatake takalma tun zamanin ayari, shi ya san ƙafa. Na san tsohon, muna yara muna satar yankakkiyar fata a rumfarsa. Da bazara ta shigo na sami hutu na je.

Na gaishe shi, na faɗi buƙatata, ya ce in ɗora ƙafar a kan gwiwarsa. Ya juya ta, ya shafa tafin, ya tsaya a kan babban yatsana da ya ɗan karkace tun ina yaro.

"Ƙahwar ga na san ta," in ji shi.

Na ce ai ɗan garin nan ne ni.

"Ba kai nic ce na sani ba. Ƙahwar."

Ya miƙe da ƙyar, ya sa hannu cikin jinkar rumfa, ya sauko da sakainar babban masaki, ya hure ƙura ya ajiye a gabana. Busasshiyar laka ce a kai, ta ɗan tsage a gefe, a tsakiyarta kuma ga sawun ƙafar hagu, yatsu biyar, babban a karkace. Ban taɓa ganin sawuna a wuri ɗaya da ni ba tare da na taka ba.

Tsohon yana dariya ya ce, "Kowa in za shi yi ma wani takalmi, kara shika karyowa na awo. Shi wanga yaro sai yaz zo min da bakin gulbi gaba ɗai. Yac ce, Baba, kara tsawo ɗai shika hwaɗi. Dibi inda diddigen yan nutse, nan za ka sa mai audugar rimi tsakanin hwata biyu. Dibi nan tsakiya inda ba ta taɓa ƙasa ba, nan za ka cika. Yac ce bawanai na, ya yi boko ya rasa wayo, kada in hwaɗa ma kowa sai ya ga idonai ranar da yas sa. Shekara hamsin ina ɗunki ban ga wagga dabara ba. Tun ran nan duk mai ciwon diddige laka nika sa shi taka." Ya dube ni. "To, mi as sami takalmin? Bai yi maka ba?"

Na ce masa zan dawo.

Daga rumfar zuwa gidan gwaggona ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai nauyinta ba. Na same shi a gindin bishiya a ƙofar gida yana gyaran homa. Da ya gan ni ya fara tattara kansa zai rusuna, na riga shi durƙusawa. Na gaya masa daga inda na fito da abin da na gani. Na ce na zarge shi da abin da bai yi ba, na aika masa da maganar da ba a aika wa maƙiyi, kuma kunya ta ishe ni. Ya ci gaba da ɗaura zarensa har na gama.

Ya ce, "Ba komi, Malam."

Wallahi da ya ɗauki sanda ya rafka mini da na fi jin daɗi. Na ƙi tashi. Can ya ajiye homar ya shiga gida, ya fito da ƙunshin tabarmar nan, ɗaurin ma ba a kwance ba, ya ajiye a gabana ya ce kifin dai sun cinye. Na kwance. Takalmin fata ne ja, ba ado ko kaɗan, na hagu ya ɗan fi na dama kauri a diddige. Na zura ƙafa na miƙe. Tafin ya zauna a ciki kamar yadda ya zauna a lakar nan ranar da muka je ganin jirgi. Na taka zuwa katanga na dawo, na sake zuwa na dawo, shi yana kallon ƙafar, ba ya kallona.

Sai ya ce, "Inna ta gani, ba ta yi ƙarya ba, ita ba ni jin haushinta. Amma kai. Tsakaninmu da Birnin Kabi lori guda na. Ka iya aiko direba da baƙar magana, ba ka iya zowa ka ce mini mi kay yi da sawuna ba?"

Sai ga kiran la'asar. Ya ɗauki homarsa ya juya ta, ya yi tsaki.

"Kuma ka san da gurgunta ka nika so, mi za ni yi da laka? Sai in saye maka akwati na biyu. Bawan banza bawan wohi."

An zage ni da yawa a rayuwata, a ofis da wajen ofis, amma ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Na zauna a ƙasa ina dariya ina share ido da hannun riga, na ce masa ƙafarsa dai har yanzu faifai ce. Ya ce tara tana kaina, in kawo masa akwatin nan nawa. Na kai masa. Shekaru bayan haka ƙafa guda tana cikin jirginsa yana kwarfe ruwa da ita, duk wanda ya tambaya sai ya ce ta wani babban ma'aikaci ce.

Innata da na ba ta labari sai ta ce to mi ya hana shi faɗi, mutum ya riƙa duba gabas da yamma kamar ɓarawo. Ba ta taɓa ba shi haƙuri da baki ba. Amma daga ranar har ta bar duniya, in ta yi tuwon shinkafa da miyar kifi, kwanon farko gidansa ake kaiwa.

Ciwon bai tafi rana ɗaya ba. Da jan yatsu, da tura bango, da kwalba, da keke, da takalmin nan, ya riƙa ja baya har damina ta yi nisa. Wata asuba na je na yi alwala na dawo, sai da na zauna na tuna ban dafa bango ba. Na yi aikin gona shekaru masu yawa bayan haka, a Zauro da wasu wuraren, kuma duk wanda na gani yana ɗingishin asuba sai in tsai da shi in sa ya shafa jijiyar da hannunsa, in aika shi asibiti, in ce kuma ya dubi abin da yake takawa kafin ya dubi dangi.

Mun tsufa tare da taubashina. A ƙarshe idonsa ya tafi, ya koma zama a zaure a kan buzu, jikoki na yi masa jagora zuwa masallaci. Zuwana na ƙarshe ban aika ba, na sauka daga mota na taka zuwa gidan a hankali, don in ba shi tsoro. Ban kai ga yin sallama ba na ji muryarsa daga ciki.

"Shigo, bawana."

Na ce, "Wa ya ce maka ni ne?"

"Sawun ga ni niɗ ɗauke shi," in ji shi. "Zamna, ka ba ni goro."